Motar Damina

Motoci biyu Wilfried, dillalin motoci, ya hauro da su daga Duwala a ƙarshen bazara, ya jera su a filinsa na bakin hanyar Pitowa, duk wanda ya zo wucewa a Garwa sai ya rage tafiya ya ba idonsa abinci. Ɗaya fara ce, doguwa, mai kusurwa kamar akwatin ƙarfe, tayoyinta masu kaushi, ga tsayi daga ƙasa har akuya ta iya ratsawa ta ƙarƙashinta ba ta sunkuya ba. Ɗayar kuwa baƙa wuluk, sai sheƙi take yi, ta kwantar da ƙirji kamar mai shirin tsere, kujerunta na fata. Duk biyun kat-kat ne, wato masu ja da tayoyi huɗu, duk biyun kuma na manya ne.

Hajiya Bilki, mai fataucin masara da gyaɗa tsakanin Garwa da ƙauyukan Tcholliré, ita ce ta zo saye. Ba ta san mota ba, ba ta kuma taɓa cewa ta sani ba. Shi ya sa ta zo da direbanta Mailafiya, wanda ya shekara goma sha takwas yana ja mata, ko kaza bai taɓa takewa ba.

"Mailafiya," in ji ta, "ni abu ɗaya nake so. Motar da za ta kai ni wurin Baaba ko da tsakiyar Agusta ne. Ka duba, abin da ka ce shi za a yi."

Baaban nata shi ne Modibbo Abdulhalim, malamin Alƙur'ani a Wuro Jaɓɓe, wani ƙauye can bayan Tcholliré. Tsufa ya kama shi, an yi juyin duniya ya dawo birni ya ƙi. Tsakanin ƙauyen da babbar hanya akwai mayo guda, rafin da da rani ba ka ganin komai cikinsa sai rairayi, da damina kuwa sai ya tashi kamar an yi masa laifi. Babu gada, sai radiye, wato daɓen siminti da aka shimfiɗa a ƙasan rafin, ruwa na bi ta kansa, mota na bi ta cikin ruwan.

Mailafiya ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kowace. A gaskiya daga nan magana ta ƙare, don wanda ya san hanyar nan ba ya bukatar leƙe na biyu. Amma sai ya ce bari ya ɗana. Ya ja farar, ta jijjiga shi kamar ana tankaɗe, kujerar da tauri sai ka ce bencin kotu, bayansa da hanyoyin jar ƙasa suka daɗe suna ci ya fara yi masa tsiya tun kafin ya kai shataletale. Ya dawo ya shiga baƙar. Wayyo! Kujerar ta rungume shi, sitiyari kamar ana juya cokali a koko, ya taka ta kaɗan ta miƙa ba ƙara ba gargada. Ya dawo da ita a hankali, ba ya son fitowa.

Wilfried bai yi masa ƙarya ba, a faɗi gaskiya ko ta dillali ce. "Papa, ta daji ga ta can, farar," in ji shi da Hausarsa ta kasuwa. "Wannan ta gudron ce, ta kwalta, ta gudu. Amma komple take, daga Turai, duba takarda: pack hiver, pneus hiver, duka." Sai wayarsa ta yi ƙara, ya juya yana faɗa da wani a kan kwastan.

To, Faransancin Mailafiya na bakin hanya ne, wanda ya tsinta a hannun jandarmomi da kuma wani malamin gona ɗan Nijar da ya taɓa ja wa mota yana saurayi. Mutumin nan in zai ce damina sai ya ce hivernage. Kalmar ta zauna wa Mailafiya daram. Da ya ga hiver a takarda, har sau biyu, sai ya ce ai ita ce aka gajarta. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

"Hajiya, wannan baƙar," in ji shi, yana nuna rubutun da yatsa. "Don damina aka ƙera ta. Ga shi a rubuce, har tayoyinta na damina ne. Akwai ma madanni na musamman a ciki."

"Ba ta yi ƙasa ba?"

"Nasara ya fi mu sanin abin da ya ƙera."

Haka aka yi. Wata uku motar nan tana yawo a kwaltar Garwa, ana nuna Mailafiya da baki, shi kuwa ko a jikinsa.

Ranar wata Talata cikin Agusta, da hantsi, wayar Odette ta shigo. Odette ita ce nas ɗin ƙaramin asibitin Wuro Jaɓɓe. Ta ce Modibbo ya kwana yana amai, cikinsa ya kumbura ya yi tauri, hanji ne ya ƙulle. Aiki za a yi masa, kuma a Garwa, kuma yau. Hajiya ko mayafi ba ta tsaya zaɓe ba.

A kan kwalta motar ta nuna halinta, ta cinye hanya kafin a ce kwabo. Daga inda suka sauka jar ƙasa labari ya fara canzawa. Kowane tudu sai ta goga ciki, ƙurrr, Mailafiya ya ji abin har cikin haƙoransa. A mayo ruwa bai wuce ƙauri ba, ya danna madannin nan mai zanen wani abu kamar fure mai ƙafa shida, suka ratsa. Hajiya ta ce, "Ka ga aikin motar damina." Ya ce, "Ai na faɗa miki." Amma ya lura sama ta yi baƙi ƙirin ta wajen duwatsu, inda rafin yake tasowa.

Azahar ta yi suna Wuro Jaɓɓe. Hajiya ta shige ɗakin da aka kwantar da mahaifinta, Odette kuma ta fito duba yadda za a kwantar da kujera da inda za a rataya ledar ƙarin ruwa. Ta dubi motar sama da ƙasa, ta taɓe baki, ta juyo wurin Mailafiya, wanda take kira Tonton, wato kawu.

"Tonton, da wannan za ku koma? An yi ruwa a dutse tun safe fa."

"Kada ki damu, 'yata. Ta damina ce." Ya buɗe aljihun mota ya zaro takardar da ya riga ya haddace wurin. "Karanta da kanki, ke da kika yi lakwal, kika yi boko."

Ta karanta. Ta fara dariya, sai ta katse.

"Tonton, hiver ba damina ba ce."

"Hivernage fa?"

"Wannan daban. Hiver lokacin sanyinsu ne, can Turai, sa'ad da ƙanƙara take zuba ta rufe hanya. Yayata Pélagie tana can, tana turo mini hoto. Tayoyin nan na ƙanƙara ne. Wannan zanen ma," ta nuna furen mai ƙafa shida, "ƙwayar ƙanƙara ce. Babu ruwansa da taɓo ko mayo."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ranar nan Mailafiya ya ji ɗaurinsa. Ya ninke takardar, ya sake ninkewa, har ta ƙi ninkuwa.

"Hajiya ta sani?" in ji Odette.

A daidai lokacin aka fito da Modibbo a tabarma, mutum huɗu na riƙe da shi. Tsohon ya zabge, idanunsa sun faɗa, leɓɓansa na motsi da zikiri. Babu wata mota a ƙauyen sai babura. Aka kwantar da shi, Hajiya ta ɗora kansa a cinyarta, Odette ta zauna gefe da ledar ruwa a hannu.

Kilomita goma sha biyu ne zuwa mayo, Mailafiya bai taɓa tuƙa hanya mai tsawonta ba. Sau uku ya buɗe baki zai yi magana, sau uku ya dubi madubi ya ga Hajiya na shafa goshin mahaifinta, ya haɗiye. Ya riƙa gaya wa kansa wataƙila ruwan bai iso ba. Wataƙila ya iso ya wuce. A wani kwari taɓo ya kama su, tayoyi suka yi ta juyawa a banza, ya danna furen nan don sabo, motar ta ƙara yin sanyi kamar an ɗaure mata ƙafa. Da ƙyar, da baya da gaba, ta fita. Modibbo ya yi nishi mai tsawo. Odette ta kama hannunsa tana duban agogonta.

Tun kafin su ga mayo suka ji shi. Da suka iso, radiye ya ɓace, sai jan ruwa yana gudu da rassan itace. Wasu maza shida na ƙauyen gaba suna bakin gaɓa, masu ɗaukar babura a kafaɗa su ƙetare da su. Ɗaya yana tsakiyar ruwa, ya kai masa ƙugu.

Mailafiya ya tsayar da mota, ya fita, ya tsaya yana kallo. Ya san inda injin motar nan yake shaƙar iska, bai kai ƙugun mutum ba. In ya shiga, a tsakiya za ta mutu, ƙofofi su ƙi buɗuwa, ruwa ya tura ta gefen daɓen. Farar da ya bari a filin Wilfried hancin shaƙar iskarta a sama yake, kusa da gilashi. Ya tuna da hakan, ya ji kamar ya kwanta a taɓon nan kada ya tashi.

Babban masu ƙetarwar, wani dattijo mai suna Antoine, ya matso ya gaishe shi da Fillanci, sannan ya juya Hausa. "Direba, kar ka gwada. Ƙaruwa yake yi. Ka ga sandan can? Ɗazu rabinsa a waje yake."

Gilashin baya ya sauka. "Mailafiya, me muke jira?" in ji Hajiya. "Danna abin daminar mu wuce. Jikinsa na yin sanyi."

Ya zo ya tsaya jikin tagar. Ya cire hularsa, bai ma san ya cire ba.

"Hajiya, ba za ta wuce ba."

"Kamar yaya? Ɗazu ba ta wuce ba?"

"Ba motar damina ba ce. Kalmar nan ta takarda, sanyin Turai take nufi. Ni na karanta ba daidai ba."

Ta dubi Odette. Odette ta sunkuyar da kai.

"Yaushe ka sani?"

Ga ƙofa a buɗe, da ya ce ɗazu, da bai yi ƙarya ba, kowa kuma yana kuskuren yaren da ba nasa ba. Amma idon tsohon a buɗe yake, yana kallonsa daga cinyar 'yarsa, Mailafiya ya kasa.

"Kalmar, ɗazu na sani. Amma tun ranar da na leƙa ƙarƙashinta na san farar ce ta hanyar nan. Kujerar ce ta yi mini daɗi, Hajiya. Bayana ne."

Ya so ta yi faɗa. Hajiya Bilki mace ce da in ta buɗe murya a kasuwar hatsi har masu awo na nesa sai sun nutsu. Amma ko tari ba ta yi ba. Ta zare kan mahaifinta daga cinyarta a hankali, ta fito, ta wuce shi kamar ba ta ga mutum ba, ta nufi Antoine.

"Baaba Antoine, za ku iya ƙetar da shi a kafaɗa?"

"Za mu iya, in an yi yanzu. A can gaba akwai babbar motar masara tana jiran ruwa ya janye, sai ta juya da ku Tcholliré, ku nemi ambilans."

Aka kawo wani ƙyauren kwano da suke ɗora kaya, aka shimfiɗa bargo, aka ɗora Modibbo. Mutum biyar suka kama, saura kusurwa ɗaya ta baya, don na shidan bai dawo daga ƙetare ba. Mailafiya ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya kai hannu.

"A'a," in ji Hajiya. Ba ta ɗaga murya ba. "Kai tsaya wurin motar."

"Hajiya, don Allah."

"A jira wancan ya dawo."

Aka jira. Minti biyar ne ko goma, Allah kaɗai ya sani, mutumin yana ta kokawa da ruwa yana tahowa, sandan Antoine yana ƙara nutsewa, Mailafiya na tsaye ba takalmi, hannuwansa biyu lafiya lau ba a bukatarsu. Shekara goma sha takwas tana barci a bayan motarsa a kowace irin hanya, yau kusurwar ƙyaure ba ta yarda ta ba shi ba. Wannan ya fi masa mari ciwo, kuma ya san bai isa ya ce an zalunce shi ba.

Suka shiga. Ruwa ya kai musu ƙugu, ya kai ciki. Hajiya na biye, ta riƙe rigar Antoine ta baya, zanenta na jan ta gefe. Odette na gefen ƙyauren, ta ɗaga ledar ƙarin ruwa sama da hannu ɗaya. Mailafiya ya kafa wa ledar nan ido, don ita kaɗai yake iya gani sosai, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Suka wuce tsakiya. Wani ya yi tuntuɓe, ƙyauren ya karkata, aka tallabe. Ruwa ya fara sauka musu zuwa cinya, zuwa gwiwa.

Suka sauke shi a kan gaɓar can. Odette ta durƙusa, ledar na sama har yanzu. Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta sauke hannunta, ta ajiye ledar a ƙasa.

Ƙarar ruwa ba ta bari a ji komai daga ƙetare, amma ya ga mazan nan sun ja da baya, masu hula suna cirewa. Ya ga Hajiya ta warware mayafinta jiƙaƙƙe ta rufe mahaifinta da shi har fuska. Ya ɗaga hannu yana kiran sunanta, yana ta'aziyyar da ba mai ji. Ba ta waiwayo ba.