Allon Dutsen da Bawa Ya Kawo

A shekarar da annobar mura ta ratsa 'Yandoto, zazzaɓi ya bar wa Hauwa'u ɗanta Yari, amma ya tafi da jinsa. Sai an yi masa tsawa dab da kunne yake waiwayowa. A makarantar Malam Tambaya yara da kunne suke ɗaukar karatu, shi kuwa sai dai ya ƙura wa rubutu ido kwana da kwanaki, yana bi da yatsa har ya zauna masa.

Bayan kaka, Bawa mijin Hauwa'u ya kai rago Gusau ya sayar, ya dawo da allon dutse irin na makarantar Turawa, da alli.

"Wanga ba ya son tawada, ba ya son wanki," in ji shi. "Shafa ɗaya, ya goge."

"Abin da nike tsoro ke nan, maigida," in ji Hauwa'u.

"Ke dai komi sabo tsoro yake ba ki."



Ƙa'idar makarantar ita ce ba a wanke allo sai yaro ya haddace. Wanda duk ya zo da allo ba rubutu, ya ce ya iya ke nan. Malam Tambaya ya rubuta wa Yari baƙaƙe da alli. Yaron ya rungume allon a ƙirji don kada ya faɗi, kafin ya kai gida rigarsa ta lashe rubutun. Washegari aka ce ya biya, ya tsaya yana kallon bakin Malam. Aka yi masa bulala. Kwana uku ana haka.

Sai da Hauwa'u ta zo wankin rigar ta ga farin alli a gaba, shatar bulala a baya.

Ba ta jira kowa ba. Ta auna gero, ta aika wa Labbo masassaƙi ya sassaƙa mata allon aduwa mai faɗi. Ta dafa tawada da ƙaro mai kauri, ta roƙi matar Malam Tambaya a yi rubutun manya-manya. Bawa ya yi ta faɗan ragonsa.

"Ragonka ya tafi," ta ce. "Ɗana nike ƙoƙarin tsarewa."

Da hantsi ta durƙusa ta miƙa wa Yari sabon allon, tawada ta bushe sarai. Ta goga da tafin hannu don ya gani ba ya gogewa.

Yaron ya dubi allon, ya dubi hanyar makaranta. Ya mayar da hannuwansa baya, ya shige bayan rumbu ya tsuguna.