Ba A Shiga Kafin Gola

Cikin 'yan ƙwallon da Baba Usur ya horar, mutum biyu kaɗai suka rage a duniya, Bango da Danƙo. Bango shi ne ɗan baya, Danƙo kuwa gola. Sauran duk ƙasa ta rufe idonsu. Jirgi mai gudun gefe ya tafi, Allura mai zura ƙwallo ta tsakanin ƙafafu ya tafi, Guduma ya tafi. Shi kansa Baba Usur, kocin nasu, ya daɗe da riga su.

Bango kafinta ne yanzu. Shagonsa na bayan tashar mota, rumfar kwano ce mai teburin aiki guda, da zarto, da jarkar gam wadda bakinta ya bushe. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa, sai gaisuwa ta waya. In ya tashi aiki sai ya koma ɗakinsa ya kunna rediyo, ba don ya saurara ba, don dai a ji motsin wani a ɗakin.

Wata safiya yana goge ƙafar kujera sai ga sakataren kulob, matashi mai sabon takalmi, yana taka garin katako kamar mai taka ƙaya.

"Sannu da aiki, Baba. Kai ne Bango?"

"Abin da ya rage daga gare shi ne."

Sakatare ya yi dariya, ya ce kulob ya shirya tuna tsofaffin 'yan wasa da masu horarwa a wasan ƙarshen mako. In an tafi hutun rabin lokaci za a kira waɗanda ke raye su fito fili, jama'a su tafa musu. Ya ce an gaya masa akwai wani gola ma, amma an ce ba ya fita.

"Zai fita," in ji Bango.

Ya faɗa ne kawai. Shi ya fi kowa sanin cewa tun da ɓarin jikin Danƙo ya shanye bai ƙara leƙa ko ƙofar gida ba. Mutumin da a da yakan tashi sama ya cafe ƙwallo kamar an shafa wa hannunsa gam, yau hannun dama na kwance a cinya, baki ya karkace, miyau na zuba sai an goge. Keken guragun da 'yarsa ta sayo yana jingine a bayan ƙofa, an ɗora masa wanki. Bango ya daɗe yana neman abin da zai fito da shi daga ɗakin nan, ya rasa. Yanzu ya ga dama ta samu, kuma ya san in wannan ta wuce babu wata.

Da yamma ya rufe shago ya tafi. Zumunta a ƙafa take, ko da ƙafar ta lalace. 'Yar Danƙo ce ta tare shi a tsakar gida, tana wanke kwanuka.

"Sannu da zuwa, Kawu. Yana ciki. Yau ko magani sai da muka yi faɗa."

Ɗakin na warin man zafi. Labule a sake, fanka na juyawa a hankali. Danƙo na kishingiɗe, fuska ga bango.

"Kai, rariya," in ji Bango. "Tashi, an zo ɗaukar gola."

"Rariya ce ta rufa maka asiri," Danƙo ya amsa, maganar na fita da ƙyar, a jaye. "Kai da in ɗan gaba ya yi maka tari sai ka faɗi."

Haka suke gaisawa tun suna samari. Bango ya zauna a bakin gado, ya kwashe zancen sakatare ya gaya masa. Danƙo bai ko juyo ba.

"Ba ni zuwa."

"Me ya sa?"

"Ka san me ya sa. Mutanen nan Danƙo na da suka sani. Su riƙe wancan. In sun ga wannan, wancan ma ya mutu."

"Waɗanda suka san wancan ai suna kabari. Yaran yanzu ko sunanka ba su ji ba."

"To me zan je yi?"

Sai Bango ya koma ta wata hanyar, ya shiga tuna masa da Baba Usur, yadda yakan sa su zagaya fili da tubali a kowane hannu, yadda yakan shinshina bakin kowa da safe ko akwai mai shan taba. Ya tuna masa kocin da ya zo bayansa, Mai Gilashi, wanda ya zo da allo da alli yana zana musu kibiyoyi, Guduma ya tambaye shi ko kibiyoyin ne za su buga ƙwallon. Danƙo ya yi dariya da rabin baki, miyau ya zubo, ya kai hannun hagu ya goge da sauri. Dariyar ta tsaya nan take.

"Ka gani?" in ji shi. "Wannan kake so a haska a allon fili?"

Kullum da yamma Bango na zuwa har ƙarshen makon. Ya sauke wankin da ke kan keken, ya ɗaure sukurorin da suka kwance, ya yi wa matakin ƙafa sabon katako. Ya yi lallashi, ya yi zagi, ya ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Danƙo ya ce shi ya riga ya yi wankansa ya gama. A daren jajibirin wasan 'yar ta raka Bango ƙofa, ta ce, "Kawu, ka haƙura. Ka je kai kaɗai, ka wakilce shi."

Ranar wasa ya je shi kaɗai. Filin ba wanda ya sani ba ne. An rushe tsohon an gina sabo, da kujerun roba masu launi da fitilu kamar na asibiti. Aka kai shi wani ɗaki mai sanyi inda ya tarar da tsofaffin 'yan wasa, amma duk na baya-bayan nan ne, waɗanda suka buga bayan ya daina. Suna ta rungumar juna suna kiran sunayen da bai sani ba. Wani mai tumbi ya ba shi hannu ya ce, "Baba, kai direban kulob ne a da?" Bango ya ce a'a, ya nemi kujerar gefe ya zauna. Aka ba shi sabuwar rigar kulob, ya sa a kan tasa, ta matse shi a hammata.

To, ga wani abu da sai wanda ya buga a hannun Baba Usur ya sani. A ƙa'idarsa ba wanda ke taka fili kafin gola. Ko kyaftin, ko shi kocin. Gola ne zai fara fita, ya je ya dafa turken raga, sannan sauran su biyo. Yakan ce ba a shiga gida kafin mai gida. Wanda ya yi gaggawa ya wuce gola, ranar a benci zai kalli wasan, ko da shi ne ke ci musu ƙwallo. Sau ɗaya Guduma ya gwada, ya sha benci, aka ci su, Baba Usur bai ko girgiza ba. Tun daga nan abin ya shiga jininsu. Ko atisaye suka zo, sai su tsaya a bakin layi su jira Danƙo ya gama ɗaure takalmi.

Da aka busa hutun rabin lokaci, aka jera tsofaffin a lungun da 'yan wasa ke fitowa. Aka sa Bango a gaba, don shi ne babba. Mai lasifika ya fara da waɗanda suka rasu. Ya kira Baba Usur, ya kira Mai Gilashi, ya kira Jirgi da Allura da Guduma, yana karantawa da sauri kamar mai kiran fasinja. 'Yan kallo rabi sun tafi sayen ruwa. Sannan ya ce, "Ga kuma Bango!"

Bango ya taka har bakin farin layi. Ciyawa na gabansa, kore shar, irin wadda ba su taɓa samu ba a zamaninsu. Sai ƙafarsa ta tsaya. Ya matsa gefe ɗaya, ya ba da hanya, ya waiga yana jira. Ba tunani ya yi ba. Jikinsa ne ya yi abin da ya saba. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma ba su yi ƙarya ba.

Na bayansa suka zaci gajiya ce ta kama tsoho. Mai tumbin nan ya dafa kafaɗarsa ya wuce, sauran suka bi shi, ana kiran sunayensu suna ɗaga hannu. Sakatare ya zo da gudu.

"Baba, shiga mana! Kai aka kira!"

"Gola bai fita ba."

"Wane gola? Ga gololi can har sun kai tsakiya!"

Bango ya dube su. Gololi ne, amma ba nasa ba. A lokacin ya gane abin da ya yi, kuma da ya so da ya shiga, don ba wanda ya riƙe shi. Ya ɗaga ƙafar, ta ƙi. Kafin ya gama kokawa da ita an ɗauki hoto, an tafa, masu ban ruwa sun shigo, 'yan wasa na dawowa suna ture shi a lungun. Ya cire rigar, ya naɗe ta a hammata, ya fita tun ba a tashi wasan ba.

Bai je gida ba, gidan Danƙo ya nufa. Ya same shi zaune, rediyo a kan cinya.

"Na ji an kira ka," in ji Danƙo. "Yaya ciyawar? An ce kamar katifa."

"Ban taka ba."

"Kamar yaya ba ka taka ba?"

Bango ya gaya masa, bai ƙara ba bai rage ba. Danƙo ya zuba masa ido. 

"Amma kai wawa ne. Tun kana yaro kai wawa ne. Mutumin da ya kafa dokar ya zama ƙasa!"

"Na sani."

"Aka kira sunanka, ka tsaya kamar turke?"

"Ba ka fita ba."

Danƙo ya juya fuska ga bango. Bango ya ajiye rigar a gefen gado ya tashi. Har ya kai ƙofa ya ji muryar a bayansa.

"Gobe da safe ka zo. Ka zo da man keke, tayar nan na kuka."

Ihu bayan hari ke nan, amma Bango bai ce haka ba. Da safe ya zo. Shi da 'yar suka ciccibi Danƙo suka ɗora a keke, ta sa masa hula, ta soka masa hankici a aljihu. Ta ce za ta bi su, uban ya ce ta zauna, ba biki za su ba. Da suka fito titi hasken rana ya sa shi runtse ido, ya daɗe bai buɗe ba. Bango na turawa yana ɗingishi, gwiwa na ƙara, suna tsayawa a kowace inuwa. Haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Mai shayin bakin titi ya bi su da kallo, Danƙo ya sunkuyar da kai, daga baya kuma ya gaji da sunkuyon ya ɗaga.

Suka tarar da ƙofar fili a kulle. Mai gadi ya leƙo ta tagar ɗakinsa.

"Ba a shiga. An zuba wa ciyawa taki, sai wani makon."

"Tsofaffin 'yan wasa ne mu," in ji Bango.

"Ai jiya aka yi naku, Baba. Kun makara."

Ya rufe tagar. Suka tsaya suna leƙe ta tsakanin ƙarafan ƙofa. Ba abin da ake gani sai gefen ciyawa, da robobin ruwan da 'yan kallo suka zubar, da wata mata mai shara can nesa. Bango ya ji kunya ta rufe shi, ya fito da mutum daga ɗaki ya kawo shi gaban kwaɗo.

"Mu koma," in ji shi.

Danƙo ba fili yake kallo ba, yana kallon tsohon tankin ruwan da ke bayan katanga, sannan ya dubi layin dogo, ya sake duban tankin.

"Sun matsar da filin," in ji shi. "Tankin nan a kafaɗata ta hagu yake in ina raga. Tura ni can."

Inda ya nuna wajen ajiye motoci ne, kwalta da fararen layuka, ba kowa. Bango ya tura shi. "Gaba kaɗan. Dama. Dama na ce, kurma! Tsaya." Keken ya tsaya a tsakanin layi biyu, kusa da tabon baƙin mai. Danƙo ya dubi hagu, ya dubi dama, ya gyaɗa kai.

"Nan ne."

Bango ya zauna a kan dakalin siminti kusa da shi a cikin 'yar inuwa, ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Danƙo ya ɗaga hannun hagu yana nuna wurare a kan kwalta, inda Allura ke tsayawa, inda Jirgi ya taɓa karo da mai ɗaga tuta, inda Baba Usur ke tsugunawa yana tauna igiyar usur. Wani wurin Bango ya yarda, wani wurin ya ce ƙarya ne, suka yi musu. Miyau ya zubo, Danƙo bai kula ba, zancen ya fi ƙarfinsa.

Can sai ga wata mota ta shigo. Duk faɗin wurin, inuwar da suke ciki direban yake so. Ya danna ham, ya sake dannawa. Bango ya yunƙura zai kama keken.

"Zauna," in ji Danƙo. "Ya nemi wani wurin. Ban gama ba."