Murya Ta Huɗu

"Kai! Ta sake!"

Baba Nicholas ya fizge abin sauraro daga kunnensa ya jefar a kan katifa. Fuskar kwamfutar ta yi shuɗi, ta mutu, ta fara tashi da kanta kamar ba ita ta yi ɓarnar ba. Damaris, maƙwabciyarsu mai gyaran kwamfuta a kasuwar Sabon Tasha, tana tsaye a bakin ƙofa. Mama Eunice, matar Baba, ce ta kirawo ta tun ba ta ko ajiye jakarta ba.

"Shigo, 'yata, ki ga abin da ke son kashe ni kafin ciwon ya kashe ni."

Dattijon ya tsufa yana koyar da 'yan kwayar cocinsu waƙa. Ƙurar auduga ta masaƙar da ya yi wa aiki ta ci masa ƙirji, likita kuwa ya riga ya ce a koma gida a yi ta addu'a. Shi ne ya tsara waƙar da yake so a rera a kan kabarinsa, yana ɗaukar muryoyin a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya da bakinsa, don 'yan kwaya su ji su koya. Uku sun shiga. Saura bas, muryar ƙasa, wadda ita ce tasa tun yana saurayi.

"Wuri ɗaya take mutuwa kullum, Baba?"

"Ina! Wani lokaci a farko, wani lokaci ina dab da amin. Jiya ko taɓa ta ban yi ba ta tafi. Wani yaro ya ce bairos ne, cutar kwamfuta, ya wanke ta tas, ga shi nan."

Damaris ta ɗora tafin hannu a ƙarƙashinta. Babu zafi, fanka na juyawa lafiya.

"Ina zargin ram, Baba. Wasu 'yan sanduna biyu ne a cikinta, su ke riƙe aikin da take yi a lokacin. In ɗaya ta lalace, sai ta yi ta aiki lafiya, ranar da ta taka wurin kuma ta faɗi. Bari in gwada."

"Yi sauri dai. Numfashin nan aro ne."

A ɗakinta ta kwance bayan kwamfutar, ta zare sanda ɗaya, ta soka filashi mai manhajar gwaji ta bar shi yana zagaye. Ta dafa abinci, ta wanke kwanuka, ta leƙa: babu kuskure ko ɗaya. Da ta sauya ta sa ta biyun, ba a jima ba jajayen layuka suka fara zubowa. Ta goge haƙoran sandar, ta sauya mata gurbi, jan ya dawo. Shi ke nan, ɓarawo ya kamu. Mai lafiyar kaɗai ta ishe Baba aikinsa.

Tana ɗaure sukurori Mama Eunice ta ɗaga labule, da kwanon kunu a hannu.

"Kin gano?"

"Na gano, Mama. Yanzun nan zan kai masa."

Tsohuwar ta ajiye kwanon ta zauna a bakin gado, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Damaris, na sha durƙusawa ina gode wa Ubangiji a kan lalacewar abin nan. Da safe mutumin nan yakan ce in tashe shi, in ba shi ruwan zafi, yana da aiki. Har tuwo yake ci saboda waƙar nan. Na san mijina. Ranar da ya ce amin a cikin na'urar nan, ya naɗe tabarmarsa ke nan."

"Haba Mama! Ya ce in yi sauri."

"Ni kuma na ce ki yi a hankali. Don Allah, 'yata. Ki ara mini shi kaɗan."

Damaris ta dubi kwamfutar, ta dubi Mama. Ita fa ba ta iya ƙarya ba, ko a kasuwa ana yi mata tsiya a kan haka. Amma ta ɗaga kwamfutar ta tura ta ƙarƙashin gado.

Washegari ta gaya wa Baba cewa sai an aiko da kaya daga Legas. Ya yi tsaki ya ce motocin Legas ba su san mai ciwo ba. Kullum in za ta fita neman keke napep zuwa kasuwa, yana zaune a baranda cikin rigar sanyi, yana gwada muryar a hankali don kada ta dushe.

"Ya Legas?"

"Suna hanya, Baba."

Kalmar nan ta riƙa yi mata ɗaci a baki. Ta koma fita da sassafe don kada su haɗu. Mama kuwa har fara'arta ta dawo, tana cewa ya ci ƙwai, ya yi faɗa, ai mai faɗa yana da sauran kwana.

Wata Lahadi da aka taso coci, Damaris ta tarar da kujerar baranda babu kowa. Mama ta fito da ido jawur.

"Kawo masa," ta ce. "Kawo masa yanzu."

An jingina shi da filo. Da ya ga kwamfutar ya yi murmushi, ya ɗaga wa Damaris babban yatsa. Ta saka masa abin sauraro, ta riƙe makirfo kusa da bakinsa, ta danna. Ya buɗe baki a daidai inda ya kamata ya shiga. Babu abin da ya fito sai iska. Bai tsaya ba, ya bi waƙar da leɓɓansa, yana buga yatsa a kan bargo, har amin. Kwamfutar ba ta ko girgiza ba.

"Ta gyaru," ya ce da raɗa. "Hannunki na da kyau, 'yata."

Damaris ta fita bayan gida ta yi kuka har ta gaji. Cikin makon ya rasu.

An binne shi a ƙauyensu. 'Yan kwaya suka rera waƙar, mazan bas suna lalube, kowa da inda ya nufa, har wasu suka yi shiru don kunya. Damaris ta ji kowane kuskure a ƙirjinta.

Bayan sun dawo gida baƙi sun watse, Mama Eunice ta kira ta ɗakin Baba. An naɗe katifar, kwalaben magani na jere a kan taga.

"Kunna mini."

Muryoyi uku suka tashi, duk nasa.

"Ba waɗannan ba. Ta ƙarshen."

"Mama, babu komai a ciki."

"Kunna dai."

Damaris ta kashe ukun ta ƙara sautin ta huɗu. Numfashi ne kawai, yana shiga yana fita a kan kari, da ƙarar yatsa a kan bargo. Can baya, a hankali, ana jin cokalin Mama yana juya shayi a kofi.

Mama Eunice ta jawo kujerar roba kusa da kwamfutar, ta gyara ɗankwalinta, ta zauna.