Murar Bana Ta Kwantar Da Baba

Auta na gyara wa Baba matashi Yaya ya faɗo ɗakin, ko sallama babu.

"Kin gani ko? Ke kika tasa shi gaba har aka tsira masa allurar rigakafi. Ga shi nan kwance!"

Asibitin ya cika maƙil, har baranda an jera gadaje, tari ta ko'ina kamar ana gasa. A ɗakin gwaje-gwajen da ke ƙasan benen nan Auta take aiki, kuma da idonta ta ga abin da ya faru da murar bana.

"Yaya, ƙwayar mura ba ta zama yadda take," in ji ta. "Duk hayayyafar da ta yi sai ta ɗan sauya halitta. Kafin allurar ta iso mana ta riga ta sake kama, shi ya sa jikin Baba bai gane ta sosai ba."

"Wato aikin banza."

"Je ka leƙa ɗakin ƙarshe ka ga halin da waɗanda ba a yi wa ba suke ciki."

Yaya ya haɗe rai. "Yau zan mai da shi gida. Kuma babu mai ƙara taɓa shi da allura. Ni ne babba."

Tunda take ba ta taɓa musa masa ba. Yau kuwa ta taka ta tsaya tsakaninsa da gadon.

"Girmanka na nan, Yaya. Amma Baba ba inda za shi."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Kai nake faɗa wa."

Sai ga hannun Baba ya ɗago. Tsohon direban babbar mota ne, da muryarsa kaɗai yake tsayar da tasha, yanzu kuwa sai an kasa kunne. Ya janye robar iska daga hancinsa.

"Kai, babba," ya ce yana haki, "ina raye kake rabon girma?"

Matar da ke jinya a gadon kusa ta toshe baki da mayafi tana ɓoye dariya.

"Auta, baɗi ma za ta sake sauyawa?"

"Za ta sake, Baba."

"To ta sauya. Ki zo ki ɗauke ni da wuri, kafin layin allura ya yi tsawo."

Yaya ya buɗe baki zai yi magana, atishawa ta riga shi. Baba ya nuna shi da yatsa.

"Ki haɗa da wannan."