Kuɓewar Bature

"Ta wuce ni! Wallahi tallahi ta wuce ni!"

Hansai ce ke wannan ihu da sassafe a tsakar gidanta da ke unguwar Luggere a Jimeta, har kaji suka watse. Ta jingina bayanta da karan shukar da ke gindin katanga, ta ɗora tafin hannu bisa ɗankwalinta, ta waiga, sai ga kan tsiron ya ɗara hannun. Ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ta figi mayafi ta yi waje, ta faɗa gidan maƙwabta ko sallama babu.

Fibi, wadda duk layin ke kira Maman Edna, tana kwance inda take tun ranar da asibiti suka ce a koma da ita gida, fuskarta na kallon taga. Ciwon ƙoda ya cinye jikinta, amma bai taɓa bakinta ba.

"Ya wuce ki?" ta ce, da irin Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji. "Adda, ke ai gajere ne. Ko akuya ya miƙe zai wuce ki. Ki kawo mini labari in ya wuce katanga."

"Ji min mata! Na kawo miki albishir, tukuicin ke nan?"

Suka yi ta dariya har tari ya sarƙe Fibi, 'yarta Edna ta taso da ruwa a kofi.

Shukar nan daga Michika ta zo. Ranar da 'yan Boko Haram suka shiga garin, kowa ya gudu da abin da hannunsa ya kai, wani takardun makaranta, wata tukunya. Fibi kuwa, da ta keto duwatsu a ƙafa ta iso Jimeta, abin da ke ƙulle a bakin zaninta 'ya'yan fure ne, don su take tsinka sa'ad da aka fara harbi. Wata baturiyar mishan ce ta ba uwarta irin tun zamanin da. Sunansa holihok. Hansai ta gwada faɗa har harshenta ya gaji, ta haƙura.

Gidan hayar da Fibi ta samu siminti ne sumul, ba inda za ka soka ko tsinke. Shi ya sa ta miƙa wa maƙwabciyarta ƙullin, ba tare da dogon bayani ba. Hansai ta shuka. Da ganye ya fito mai faɗi, mai ɗan ƙaiƙayi, ta ce a'a, ashe kuɓewa ce! Ta tanadi kanwa da daddawa tana jiran 'ya'ya. Damina ta wuce, sanyi ya shigo, abu na zaune daɓas a ƙasa, ko gwiwa bai kai ba. Da haushi ya ishe ta sai ta tsinke ganyen ta kaɗa miya, ta aika wa Fibi kwano guda, da saƙon cewa kuɓewar Bature dai raguwa ce, gobe za ta tumɓuke ta ta zuba yakuwa.

Lokacin Fibi na da ƙafarta. Ta shigo da kwanon a hannu, ido waje.

"Yesu! Adda, kin dafa mini fulawa na?"

"Wace fulawa kuma? Ta cincin?"

"Fure! Fure ne! Shekara na farko ba ya tashi, yana yin saiwa ne a ƙasa. Shekara na biyu, ki ja baya! Zai wuce mutum, zai wuce danga. A gidanmu tun daga hanya kake hango shi, ka san ka iso gida."

Sai da suka zauna suka cinye miyar tas, Fibi na ci tana mita. Gindi ɗaya tak ya tsira daga zafin bazarar Yola, shi ma don Hansai ta yi masa rumfa da tsohuwar tabarma, tana ba shi ruwan da ta rage daga na girki.

Ai kuwa da sanyin shekara ta biyu ya shigo, sai abu ya tashi kamar an tsikare shi. Yau yana ƙugu, kafin Juma'a ta zagayo yana ƙirji. Matan layi suka riƙa leƙowa kallo. Amma kafin nan Fibi ta kwanta, kuma daga gadonta ba abin da ake gani ta taga sai katangar gidan Hansai da ɗan tsagin sama.

Bayan shukar ta wuce Hansai, ta wuce mijinta Malam Bawa tela, har da hularsa. Furanni suka fara buɗewa daga ƙasa suna hawa sama, ja mai duhu kamar ruwan zoɓo, kowanne faɗin tafin hannu. Sai kuma tsawon ya tsaya cak. Hansai ta hau turmi ta auna, saura kusan kamu guda ta leƙa saman katangar. Ta zuba kashin kaji, ta zuba toka, ta yi lallashi, ta yi zagi. Ko motsi.

Fibi kuwa ta daina cin abinci.

"Bari in yanko miki ɗaya," in ji Hansai, tana shafa mata ƙafa. "Kyawunsu ya wuce misali."

"Kar ki yanka. A tsaye nake so in gan shi." Ta ja numfashi. "In bai kai ba, ba komai, Adda. Kin yi ƙoƙari."

Wannan "ba komai" ita ta ƙona ran Hansai. Da ma tsiyar da ta saba ta yi mata. Edna ta rako ta zaure, ta riƙe mata hannu ta ce a hankali, "Gogo, jiya ta sa na kira fasto."

Hansai ta shiga gida ta tarar da Malam Bawa yana karyawa.

"Baban Kausar, katangar nan za a rage."

Ya ajiye kofin shayi. "Wace katangar?"

"Wadda ka ƙara. Layi biyun nan na sama."

Shekarar da bam ya tashi a kasuwar Jimeta, Bawa na cikin waɗanda suka ɗauki gawa. Da ya dawo sai ya sa aka ɗora bulo layi biyu a kan katangarsa, aka jera fasassun kwalabe. Tun daga ranar ba mai yi masa maganarta.

"Kin san abin da ya sa na ɗora ta."

"Na sani. To wa ke bayanta? Maman Edna ce fa. Ita ma masu bam ɗin ta gudo wa. Da tsohuwar katanga ce, da tuni furen nan ya leƙa." "Matar nan tafiya za ta yi, Malam. Ba za ta kai ba, furen ma ba zai kai ba."

Ya daɗe yana kallon kwalaben. Sannan ya miƙe, ya tuɓe riga. "Ina gudumar nan?"

Kai, ranar Luggere ta ga abu! Bawa bisa tsani, Hansai a ƙasa ta rungume karan ta janye shi gefe, tana ihu, "A hankali! Kar ka karya min ita!" Mata suka cika tsakar gida suna karɓar bulo hannu da hannu. Wata na cewa ta nan, wata na cewa a'a ta can, saitin taga. Da bulo na ƙarshe ya sauka, Hansai ta saki karan. Ya yi lilo, ya koma ya tsaya ƙyam a tsakiyar giɓin, furanni jajur a jikinsa.

Sai muryar Edna ta tsallako.

"Ta gani! Gogo, ta gani!"

Wata ta rangaɗa guɗa. Hansai ta zaga a guje ta tarar Edna ta tallafo uwarta zaune. Fibi ba ta ko waigo ba. Idonta na kan taga, leɓenta na motsi da yarensu, wanda Hansai ba ta ji. Can ta ce, "Adda."

"Na'am."

"Kin yi magudi."

"Na yi. Kai ni ƙara."

Fibi ta yi murmushi, ta nemi kunu, ta sha cokali kaɗan. Ta hana a saki labule.

Washegari da hantsi ta cika, fuskarta na wajen taga.

Michika aka ce za a kai ta, tunda hanya ta buɗe. Ana ɗaura kaya a mota, Hansai ta koma gindin katanga. Furannin can ƙasa, waɗanda suka fara buɗewa, sun riga sun bushe. Ta murje su a tafin hannu, 'ya'yan suka zubo. Ta fito ta kamo bakin zanin Edna, ta zuba, ta ƙulle tam.

"Shekarar farko ba ya tashi," ta ce. "Kar ki dafa."

Edna ta yi dariya, hawaye na zuba.

Da motar ta sha kwana, Hansai ta dawo gida. Bulon na nan jibge inda aka sauke su, Bawa bai ce a mayar ba. Ta zauna a kai, ta ɗaga ido. Ta giɓin ana hango tagar a buɗe, kuma toho na can ƙololuwa ya fara tsagewa.