Hayaniyar da ke Bayan Katako

Duk layin, Jita ake ce masa, amma da za ka tare mutum goma ka tambaye su dalili, tara za su ce wataƙila don fasalin cikinsa ne. Mai gyaran firji ne, shekararsa arba'in da tara, kuma rabon da a gan shi da jita a hannu tun kafin furfura ta san hanyar gemunsa. Shi dai ya san yana saurayi ya yi kiɗan rok, irin mai ƙarar nan da ke sa kaji su bar gida. Waƙa goma cif ya yi, shi kaɗai, a ɗakin ajiya na gidansu, da rikoda mai cin kaset.

Matarsa ce ta tono kaset ɗin a wani kwalin takalmi, ranar da take share ƙarƙashin gado.

"Baban yara, in zubar da wannan tarkacen?"

"Tarkace? Tarihi kika riƙe a hannunki!"

"To tarihin ya yi ƙura," in ji ta, ta miƙa masa.

Abin da ke ran Jita ba suna ba ne, ba kuma kuɗi ba. Mahaifiyarsa, Inna, tela ce, kuma tsawon shekarun da ya yi yana kiɗa ba ta taɓa kiran abin waƙa ba. Hayaniya take cewa. Tsakanin ɗakin ajiyar da ɗakin ɗinkinta katako ne kawai, duk sanda ya gama waƙa sai ta buga katakon ta ce, "Kai! Rage mana wannan hayaniyar!" Kalmar nan ce ta sa ya rataye jitarsa ya tafi koyon firji, kuma har yau in ya tuna sai ya ji ciwonta. Don haka ya ƙudura a ransa: zai kai a wanke waƙoƙin tas, ya saka su a intanet, ya kunna wa Inna, ta ce waƙa da bakinta ko sau ɗaya ne.

Situdiyon da ya je yana saman wani shagon taya, an lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai. Mai wurin wani siriri ne mai tabarau, Injiniya ake kiransa. Ya juye kaset ɗin a kwamfuta, ya kunna ta farko, ya ɗan yamutsa fuska.

"Yallaɓai, wa ya buga maka ganga?"

Jita ya gyara zama, don tambayar da ya fi so a duniya ke nan. "Ni ne. Jita ni, murya ni, ganga ni. Bokitin fenti na kifa, na ɗaura cokalin katako a babban yatsan ƙafata. Ina kiɗa, ina rerawa, ina taka bokiti."

"Ikon Allah," in ji Injiniya.

"Amma akwai wani ƙwaram-ƙwaram a baya. Shi nake so ka cire min, kada ka bar ko ɗigonsa."

Injiniya ya ce wannan abu ne mai sauƙi, kwamfuta tana raba sauti kashi-kashi, jita daban, murya daban, shara daban. Ya ce ya dawo bayan kwana uku.

Kwana ukun nan Jita bai taka ƙasa ba. Ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa mai aski, ya gaya wa wata mata da ta kawo firjinta ba ya sanyi, har ta manta abin da ya kawo ta. Ya ɗauki hoto a bakin shagonsa da baƙin tabarau, ya tsuke ciki har sai da ya ga jiri.

Ranar da ya koma, ya tarar Injiniya yana sosa ƙeya.

"Na cire, yallaɓai. Amma ka ji da kunnenka."

Aka kunna. Sautin ya fito fes, babu ƙwaram-ƙwaram, kuma a nan ne asiri ya tonu. Jitar ta ruga gaba, muryar ta biyo ta tana haki, bokitin kuwa yana can baya yana faɗuwa inda ya ga dama. Kowa harkar gabansa yake yi.

"Ka ɓata min waƙa!" in ji Jita.

"Wallahi ban taɓa komai ba. Shara kawai na kwashe. Bari ka ji sharar ita kaɗai."

Ya danna. Sai ga wani sauti yana tafiya daidai wa daida, taka-taka-taka-taka, ba gaggawa, ba lalaci. Injiniya ya ɗaga yatsa.

"Ka lura. Inda ka yi shiru a tsakiyar waƙa, shi ma ya tsaya. Wurin amshi ya ƙara wuta. In ka ruga, sai ya ja ka baya. Duk goman haka ne. Yallaɓai, wannan makaɗin ne ya riƙe waƙoƙinka. Wane ne shi? Yana raye? Ina da aiki da shi."

Jita ya riga ya gane sautin. Da shi aka yaye shi, da shi ya yi barcin rana yana yaro. Kafin ya buɗe baki, sautin ya tsaya, aka buga katako sau uku, murya ta fito daga lasifika tar: "Kai! Rage mana wannan hayaniyar!"

"Wace ce wannan?" in ji Injiniya.

"Makaɗin da kake nema," in ji Jita, ya ɗauki hularsa.

Ya sami Inna a tsakar gida tana tsefe wani tsohon siket, tabarau a kan hanci. Ta kusa tamanin, amma bakinta bai tsufa ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya kunna mata sharar a wayarsa. Ta saurara kaɗan.

"Wannan keken ɗinkin yana son mai," ta ce.

"Inna, kekenki ne."

"To na ce na wani ne?"

"Inna, kina bin kiɗana. Inda na tsaya kina tsayawa."

"Ni? Allah ya sawwaƙe. Zare ne yake tsinkewa."

"A waƙa goma? A daidai wurin amshi?"

Ta ci gaba da tsifarta kamar ba da ita ake ba. Can ta ajiye reza, ta yi tsaki.

"To ya kake so in yi? Ina zaune ina jin yaro yana gudu kamar wanda kare ya biyo, bokiti yana gabas, jita tana yamma. Kaina har ciwo yake. Na ga in na taka keke daidai, kana biyo ni ba ka sani ba. Shi ke nan. Kuma ka san asarar da ka ja min? Matar mai kantin magani, na ɗinke mata hannun riga ruf, don waƙarka ta ƙi ƙarewa, ni kuma ɗinkin ya ƙare. Sai da na ce mata sabon yayi ne."

Jita ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"In babu ɗinki fa?"

"Tsumma nake sawa. Bargon nan da na ba ka lokacin da ka kama ɗakinka, mai ɗinki ta ko'ina, da kake cewa na yi shi ina gyangyaɗi? Waƙarka ce mai tsawon nan, ta yarinyar da ta ƙi ka."

Shekara ashirin da biyar yana lulluɓa da bargon nan. Ya ji kunya, ya ji daɗi, ya ji kamar ya yi kuka, duk a lokaci ɗaya.

"To Inna, me ya sa kike cewa hayaniya?"

"Da me zan ce? Hayaniya ce mana. In na yabe ka, wa zai gyara wa mutane firji?"

Aka mayar da sharar inda take, waƙoƙi tara suka miƙe da ƙafarsu. Ta goma ce matsala, don rikoda ta taune ƙarshenta tun da daɗewa. Injiniya ya ce sai dai a sake ɗauka. Don haka wata Asabar da hantsi ya kwaso wayoyinsa zuwa gidan Inna, ya kafa makirfo ɗaya a gaban Jita, ɗaya a gindin keken ɗinki. Jita ya zo da bokitin fenti, Inna ta sa aka fitar da shi waje.

"Kuma hoton nan naka na baƙin tabarau," in ji ta, "ba za a sa shi ba sai da kekena a ciki."

"An gama, Inna."

Ta ɗiga wa keken mai, ta saka tsumma, ta ɗora ƙafa. Matar Jita ta tsaya a bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi don kada dariyarta ta shiga makirfo. Jita ya rataya jitar da ta ƙi zama a kan cikinsa, ya lumshe ido, ya fara. Bai kai amshi ba keken ya tsaya cak.

"Shekara arba'in da tara," in ji Inna, "har yanzu sauri kake yi. Ina za ka? Sake ɗauko waƙar daga farko."

Jita ya tsaya da hannu a kan tsirkiya.

"Inna, me kika ce in ɗauko?"

"Ka ji ni sarai," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Yi maza, gwiwata ba kamar da ba ce."

Ya goge idonsa da gefen riga, ya ce ƙurar ɗakin ce. Sannan ya jira ta fara takawa, ya bi ta a baya.