Ƙafar Malam Abdulbaƙi

Tun da Hidaya Zulkiflu ta fara aikin lauya a N'Djamena, waɗanda mota ta buge su ne mutanenta, kuma kusan duk halinsu ɗaya: ciwon yatsa sai ya hau har kafaɗa, ita ce mai lallashi a sauko da shi. Masu mota kuwa rantsuwa suke yi ko ƙuda ba su taka ba. Ta fi son sulhu a kan kotu, don ta sha ganin mutum ya ci shari'a bayan ciwo ya riga ya cinye shi. Har ta fara jin ta gama sanin ɗan Adam, sai Allah ya haɗa ta da Malam Abdulbaƙi na unguwar Diguel.

Tsoho ne mai sayar da turare a bakin kasuwa. Alhaji Junaid, wani ɗan kasuwar Kano da bai daɗe da zuwa garin ba, ya zo komawa da baya da motar kaya, ya taka masa ƙafar dama. Likita bai ɓoye wa Hidaya komai ba: in ba a yi aiki an sa ƙarfe da wuri ba, yanke ƙafar za a yi. Kamfanin inshora ya yarda ya ɗauki nauyin aikin, da sharaɗin mai ciwon ya faɗa da bakinsa, gaban wakilinsu, cewa ba ya iya tafiya. Hidaya ta ce a ranta wannan ai shan ruwa ne.

Aka zauna a tsakar gidan tsohon, gidan haya na ƙasa. Wakilin inshora ya yi tambayarsa da Larabci. Malam Abdulbaƙi ya ja bakin riga ya rufe ƙafar, wadda ta kumbura kamar taɓarya.

"Afe nake, lafiyata ƙalau," ya ce. "Ciwo ma fi, babu shi sam. Ɗan targaɗe ne."

Hidaya ta ɗauka bai ji tambayar ba, ta maimaita masa da Hausa. Ya ce ya ji sarai.

"Baba Malam, ka ji tsoron Allah," in ji Alhaji Junaid. "Ni na taka ka. Da kunnena na ji ƙarar ƙashin."

"Ƙarar kwalbar turare ka ji."

"Wallahi ƙashi ne."

Hidaya ta bi su da kallo, kanta ya ɗaure tamau. Wanda ya yi ɓarna yana rantsuwa ɓarnar babba ce, wanda aka yi wa yana kare shi, ita kuma ta rasa wanda take tsaya wa. Wakilin inshora ya fara mayar da alƙalami aljihu, fuskarsa fes kamar wanda ya tsinci dami a kala. Ta roƙe shi ya dakata. Hoton ƙashin yana cikin jakarta, tana iya fito da shi ta ƙaryata tsohon a gidansa, amma ba ta taɓa kunyata wanda take karewa ba. Ta sauka daga kujera ta zauna a gefen tabarmarsa.

"Baba, wani ya tsorata ka ne?"

"Wa zai tsorata ni, 'yata?"

"To me ya sa?"

Tsohon ya ce, "Ku 'yan unguwar Sabangali kasuwa ta kawo iyayenku, ba ku san mu ba. Kakana daga Haɗeja ya taso da ƙafa zai je Makka, a nan ajali ya same shi. Ya bar wa ubana niyyar, ubana ya bar mini. Shi ya sa ba mu gina siminti, ba mu dasa itace. Mu ba mazauna ba ne, hutawa muke yi. A wurinmu niyya tana hannun mai ƙafa. Ran da mutum ya ce gaban shaidu ba ya iya tafiya, halas, shi ke nan, ta faɗi. Ni kuma ba ni da wanda zan miƙa wa."

Hidaya ta ji tausayi ya kama ta, haushi kuma na biye da shi. Mutumin nan a garin aka haife shi, a garin ya yi furfura, ko Abeshe da ke kan hanyar Makkan bai taɓa leƙawa ba, amma a ransa gobe zai ɗaura kaya. Ta laluba duk karatun da ta yi, ba ta sami inda aka yi maganar irin wannan asara ba.

Alhaji Junaid ne ya ga kamar ya gano bakin zaren. "Ashe abin mai sauƙi ne. Baba Malam, ka faɗa musu gaskiya a yi aikin, ni kuma bana in sa ka a jirgi ka sauke farali."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Ka take mini ƙafa, yanzu kuma za ka take mini kaka? Da jirgi ya yi niyya?"

Alhajin ya yi tsuru-tsuru, bai san inda alherinsa ya zama zagi ba. Ita ma Hidaya ba ta sani ba.

"Baba," ta ce, "ni ba malama ba ce, ban san hukuncin niyya ba. Abin da na sani shi ne, in ka yi shiru za a yanke ƙafar. Ba zan faɗa a madadinka ba, ba kuma zan yi maka ƙarya ba."

Wakilin inshora ya ce yana da wani zaman a Toukra, ya miƙe. Alhaji Junaid ma ya miƙe. Tsohon, da yake baƙo bai taɓa fita daga gidansa babu rakiya ba, ya dafa bango ya yunƙura ba tare da ya yi tunani ba. Ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ya sake gwadawa, gumi ya karyo masa, ya koma ya zauna daɓas. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Kira wakilin," ya ce wa Hidaya a hankali.

Wakilin ya dawo. Malam Abdulbaƙi ya janye rigar daga kan ƙafar, ya faɗa da Larabci, muryarsa ba ta rawa, cewa ba ya iya tafiya.

Hidaya ta samu abin da ta zo nema, amma ko kaɗan ba ta ji daɗi ba. Tana tattara jakarta tsohon ya riƙe mata hannun riga.

"Metir lauya, ke da kika yi karatu. In an gyara ƙafar na tashi, niyyar tana dawowa?"

"Ban sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya sake ta. "Waɗanda suka sani duk sun mutu," ya ce. "Da safe za a zo ɗaukata zuwa asibiti?"